Maganin da Aka Raba Biyu

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Rabi matar ɗana ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Abin da ya sa na ce a rubuta, tun da muka fita daga jinyar nan mata ke sallama gidanmu suna jan ni gefe, wannan mijinta na tari, waccan ƙanenta. Na gaji da maimaitawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wanda ya kwanta ɗana ne na fari. Kun san yadda ake yi a wajenmu, nan ƙauyukan bayan Dawakin Tofa. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zura masa ido, ba ta zama su yi hira. Ana yaye shi aka miƙa shi ga yayan ubansa, Malam Ila. Shi ya riƙe shi, ya sa shi a allo, ya ba shi fartanya, ya yi masa aure. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Da ubansa ya rasu ya dawo gidan nan da iyalinsa, amma kullum ya fito sallar asuba sai ya shiga ya gaida Baffansa kafin ya sa komai a baki. Ni kuwa "kai" nake ce masa, in zan yi maganarsa in ce "yaron nan", ga shi har furfura ta fara fito masa a gemu.

Tarin ya faro ne da damina, ana maimai. Ni na fara jinsa, don babu abin da ke wuce ni a gidan nan. Na san tarin mura, na san na wanda ya ƙware da kunu. Wannan busasshe ne, daga can ƙasa yake tasowa. Satin farko aka ce sanyin gona ne, aka kawo ruwan magani daga kemis. Sati na biyu ban kalle shi ba, amma na kalli kwanonsa, tuwo na dawowa rabi. Na kalli igiyar shanya, Rabi na wanke rigar barcinsa kowace safiya saboda zufa. Na saurari takunsa in ya dawo daga gona, ya koma na mai jan ƙafa.

Masu ba da shawara kuwa suka cika gida. Zuma da tafarnuwa. Man shanu da citta. Wata ta rantse da nonon raƙumi. Wani kawun Rabi ya zo takanas daga Ungogo ya ce ciwon shawara ne ya hau ƙirji, ya kawo sassaƙe cikin leda. Wata ta rage murya ta ce a bincika, don wakensa ya fi na maƙwabta kyau bara. Duk an gwada, ban hana ba, ban kuma yarda ba. Har ranar da na je sharar gindin darbejiya inda yake alwala, na ga kaki da jini a ciki. Na tura ƙasa na rufe da ƙafata, na shiga wajen Rabi na ce ta gaya wa mijinta gobe asibiti, kuma da ni za a je.

Mun isa asibitin ƙaramar hukuma rana ba ta yi zafi ba, mun tarar da layi har gindin bishiya. Da muka kai tebur, tari ya sarƙe shi, mai rubuta kati ya dube ni ya ce, "Baba, sunan mara lafiya?" Na dubi Rabi. Rabi ta dubi ƙasa, don ita ma ba za ta kama sunan mijinta a gabana ba. Mutumin ya ajiye biro ya ce, "To ikon Allah. Tsinto shi kuka yi a hanya?" Sai da yaron nan ya gama tarinsa ya faɗi sunansa da kansa. 'Yan layi suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Aka ba shi 'yar kwalba ya tofa kaki, aka tura mu hoton ƙirji. Sau uku muna komawa kafin sakamako ya fito, yau babu wuta, gobe mai injin ya tafi taro. Wannan ina faɗinsa ne don a gyara. Mutumin da numfashi ke gagara, ba a sa shi zirga-zirga a bayan babur. Da ya fito aka ce tarin fuka ne, wanda suke ce wa tibi. Aka ce magani kyauta ne, kuma gaskiya ko sisi ba a karɓa ba, Allah ya saka wa duk wanda ke biya. Amma hanya ba kyauta ba ce, hoton ma haka, ƙwai da madarar da suka ce ya riƙa ci su ma haka. Akuyata ta farko a nan ta tafi.

Maganin jajaye ne manya, guda huɗu kowace safiya kafin a ci komai, har wata shida. Suka ce fitsari zai yi ja, kada a tsorata. Suka ce sai an sami mai tsayawa a kansa ya ga ya haɗiye, aka rubuta sunan Rabi. Na so a ware masa kofi da kwano, wata ma'aikaciyar asibitin ta ce ba a kofi cutar take ba, a iska take. Sai na sa aka fasa taga a bayan ɗakinsu, na kwashe yaran zuwa nawa ɗakin.

Kafin wata ya cika sai ga sauƙi. Kwano ya fara dawowa a suɗe. Muryarsa ta dawo, har na ji yana yi wa yara faɗa a kan jaki, na ce alhamdulillahi. Ya yi yankan gero da kansa. Da rani ya shigo ya ɗauki injin ban-ruwansa ya sauka fadama, don noman tumatir da albasa yake yi. Kowa ya saki jiki. Ni ce kaɗai hankalina ya ƙi kwanciya, ban kuma san dalili ba. Sai in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share.

Wajen wata na uku tarin ya dawo. Da farko jefi-jefi, sai ya zauna. A asibiti suka ce kakin bai wanke ba, suka tambayi Rabi ko yana shan magani, ta ce kullum da hannunta take ba shi. Gaskiya ta faɗa. Ni ma ina ganin tana ɓare su daga takardarsu tana zuba masa a tafi.

Asabe matar Malam Ila ce ta warware mini abin, ba tare da ta sani ba. Ta shigo aron turmi, ta zauna tana ta juya zance, sannan ta ce akwai abin da ke damunta. Malam Ila dama ya shekara da shekaru yana tari, kowa ya saba, ana cewa na tsufa ne. Ta ce yanzu kuma fitsarinsa ya koma ja kamar zoɓo, watanni ke nan, tana tsoron jini ne, shi kuwa ya hana ta faɗa. Na ajiye abin da ke hannuna. Na tambaye ta ko ya je asibiti. Ta ce mutumin da ya ce gara ya mutu da ya shiga layin masu tofa yawu a kwalba?

Na kira Rabi na ce ta gaya mini dalla-dalla yadda ake shan maganin nan. Ta ce tana ba shi in ya dawo masallaci, ya jefa a baki, ya kurɓi ruwa, ya wuce gaida Baffa. Na ce guda nawa yake jefawa? Ta ce ai hannunsa a dunƙule yake. Na ce ba ki taɓa cewa ya buɗe ba? Ta ce, "Inna, ni in ce wa Baban Hauwa buɗe hannunka?"

Da ta tsare shi da kuka bai yi musu ba. Biyu yake sha, biyu ya kai wa Baffansa. Tun satin da ya fara jin sauƙi yake yi. Ya ce tun yana yaro ko ƙuli-ƙuli Baffa ya samu sai ya gutsura masa, yaya za a yi ya sami abin da ke kashe tari ya haɗiye shi kaɗai, yana jin tsohon na tari ta katanga? Kada wanda ya karanta ya ce wauta ce. A haka muka tarbiyyantar da su, ba a cin abu a gaban babba a hana shi. Sai dai magani ba goro ba ne.

Aka sake gwajin kaki da wani inji, aka ce mu wuce babban asibitin ƙirji a birni. Waken da muka ajiye sai ya yi tsada, shi aka kai kasuwar Dawanau tun bai yi ba. A can muka sami wata likita, gajeriya mai tabarau, takunkumi a fuska, Hausarta tas. Ta saurari labarin rabon maganin har ƙarshe, ba ta yi masa tsawa ba, ni na so ta yi. Ta tambaye shi sana'arsa, ya ce noman rani. Maganarta ta zauna mini a kai, don haka zan faɗe ta yadda ta faɗa.

"Malam, ka taɓa yashe rijiya da injinka? In ruwan da ke tsattsafowa kaɗan ne, injin zai ƙafar da ita. In kuwa ambaliya ce ta zo, injin ma nutsewa zai yi. To ƙwayoyin cutar da ke ƙirjinka, kowace tana da 'yan injina a jikin fatarta, ido ba ya ganinsu. In magani ya shiga cikinta sai ta tayar da su, su zuƙo shi su watsar waje. Guda huɗun da aka ba ka ambaliya ce. Da biyu kuwa yayyafi ka yi mata. Tana kwashewa tana rayuwa tana hayayyafa, har a cikin jikokinta aka sami waɗanda maganin nan ba ya kama su ko kaɗan. Su ne suka cika maka ƙirji yanzu."

Ta ce ba za ta rantse ba, wani yakan ɗauki irin mai taurin ne kai tsaye daga wani, amma rabin magani ƙofa yake buɗe mata. Ni na gane tun kafin ta rufe baki. Na sha kwashe ruwa da roba daga ɗakina in an yi ruwan Agusta. In yoyo ne ina iyawa da shi har gari ya waye. Sau ɗaya ne ya fi ƙarfina, ranar na bar masa ɗakin.

Ta ce akwai wani maganin, ya fi yawa, ya fi wahala, ya fi daɗewa, kuma bayansa abin da ya rage kaɗan ne. In aka yi wasa da wannan, ita ba ta da abin da za ta ce mana. Sannan ta tambayi Rabi, tsoron wa yake ji a gidan? Rabi ta juyo ta dube ni. Na ce wa likitar ɗan fari ne. Ta ce, "Na sani, Baba, ni ma 'yar fari ce. Kunya ko ɗa, wanne za ki riƙe?" Yarinyar da na haifi wanda ya girme ta.

Washegari na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, na ajiye maganin a murfin kwano da ruwa a kofi. Da ya dawo masallaci na ce, "Kai, zauna nan." Ya zauna yana kallon ƙasa. Na miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama na ce ya buɗe baki, ya ɗaga harshe, ya buɗe tafukansa biyu. Ranar na fara kallon fuskarsa sosai tun yana goye. Ashe yana da tabo a gefen gira. Ban san ranar da ya same shi ba, ban kuma tambaya ba.

Wannan maganin, Allah ya raba ku da shi. Satuttukan farko tashin zuciya, ya sha ya zauna yana haɗiyar yawu, ni ina zaune ina gadinsa kada ya amayar. Daga baya fatarsa ta yi duhu kamar wanda ya yini a bakin murhu. Tafin ƙafarsa ya riƙa zafi, ya ce kamar ya taka barkono, da muka faɗa a asibiti suka gyara masa wani abu a ciki. Duk wata sai mun shiga birni, a ɗora shi a sikeli, a ɗebi jini, a manna masa wayoyi a ƙirji a duba zuciya. Masu nonon raƙumi suka dawo, suka ce maganin ne ke cinye shi, ku dubi yadda ya yi baƙi. Na ce wanda ya zo dubiya ya yi addu'a ya tashi. Wasu har yau ba sa gaishe ni da kyau.

An gwada mu duka, har yara, Allah ya tsare. Amma ni ban sami sukuni ba. Daga gidanmu ana jin injinan fadama in iska ta juyo, tu-tu-tu tun safe. Da ba na ma lura da su. Yanzu ina jin su sai in ga 'yan abubuwan nan a ƙirjinsa suna ta kwashewa, ba sa gajiya, ba sa neman mai. Sai in tashi in je in duba maganin gobe, in dawo, in sake tashi.

Saura Malam Ila. Likita ta ce lallai a kawo shi. Na shiga gidan da kaina na durƙusa na gaya masa. Ya ce shi da ya binne ƙannensa biyu ba yarinya mai tabarau ce za ta ƙara masa kwana ba. Sai da ya kasa tashi sallah sannan aka kwantar da shi a A Daidaita Sahu aka tafi da shi, lokacin ba shi da ƙarfin musu. Tasa cutar ma mai taurin ce, kuma ta riga ta cinye huhun. An fara masa magani, bai yi nisa ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya riƙe mini ɗa da amana.

Ranar jana'iza na riga na ba yaron nan maganinsa kafin labari ya iso. Washegari na shimfiɗa tabarma, bai zo ba. A gidan Baffansa ya kwana. Na tura Rabi, ta dawo tana share ido. Ya ce ta gaya mini tun ranar da ya janye wa Baffa biyun nan tsohon ya fara faɗuwa, shi ya kashe shi, kuma ba zai ƙara sa maganin nan a bakinsa ba. Na zauna. Na tashi. Rana na ta ɗagawa, ana ta sallama ana shiga gaisuwa, can fadama injina na ta yi.

Na yafa mayafi, na ɗauki murfin kwano da kofi, na fita ta ƙofar gida. Maza sun cika tabarmi a ƙofar Malam Ila, liman a tsakiya, har da baƙi daga garuruwa. Mace ba ta ratsa wannan wurin, balle da kofi a hannu. Na ratsa. Yana jingine da bango, kansa a kan gwiwa. Na ce, "Kai." Bai ɗago ba. Na sake cewa, "Kai." Mutum uku suka ɗago, ban da shi.

Sai na kira sunansa.

Ya ɗago kamar wanda aka watsa wa ruwa, don bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Na ce, "Baffanka kwanansa ne ya ƙare. Rabin da ka ba shi bai warkar da shi ba, kai kuma ya kusa kai ka inda ya tafi. Shi ya riƙe ka, ya gama nasa. Ni na haife ka, ban gama ba. Miƙo hannu."

Liman ya ce a hankali, "Sha, mahaifiyarka ce." Wani tsoho abokin wasana, daga can gefen tabarma, ya ce, "Ashe dai ta san sunan." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Yaron nan ya karɓa, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba a kofin. Da ya gama, da kansa ya buɗe baki ya ɗaga harshe a gaban mutane. Na duba, na juya na koma gida.

Daga ranar bai ƙara tsallake ko safiya ɗaya ba. Damina ta zagayo ta same mu a kan tabarmar nan. Kaki ya wanke, aka sake gwadawa ya wanke, har ranar da likitar ta cire tabarau ta ce an gama. Allah ya yi mata albarka, ita da masu share ɗakin nan da ba wanda ke gode musu. Baƙin fatar ya ɗauki lokaci kafin ya saki. Numfashinsa bai koma kamar da ba, in ya ɗauki buhu sai ya tsaya ya huta. Awakina sun ƙare. Amma da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

To ku da ke zuwa kuna jan ni gefe, ga abin da zan ce. Tarin da ya wuce sati biyu a kai shi a gwada, a bar jiran jini. In an ba da magani, na mutum ɗaya ne, ko da uban da ya haife ka ne ke tari a gabanka, shi ma a kai shi a ba shi nasa. Jin sauƙi ba warkewa ba ne. Kuma kada a ɗora wa matar aure tsaron mijin da ba za ta iya ce masa buɗe hannunka ba. A nemo wanda zai iya, ko da wanda al'ada ta ce ya kau da kai ne.

Na koma ce masa "kai". Tabarmar ma na naɗe ta. Sai dai har gobe in ya dawo masallaci ya wuce ƙofar ɗakina, nakan tsayar da abin da nake yi in saurari ƙirjinsa, kuma ban san ranar da zan daina ba.

Rabi ta ɗaga biro, wai in faɗi sunan ta rubuta don masu karatu su sa shi a addu'a. Sau ɗaya na faɗa, ya yi aikinsa. Ku ce ɗan farin tsohuwar nan, Allah ya san shi. Ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.